Yadda ake zaɓen kujerun ƙarfen bulhed wajen gina ƙaramin layin dogo

Mutumin Katsina ko Daura da ya tashi gina ƙaramin layin dogo na kwaikwayo irin na Birtaniya, wanda ake shimfiɗawa a kan tebur 'yan jirage su yi ta yawo a kansa da lantarki, zai ci karo da wani abu da idonsa bai saba gani ba. Tsohon layin da ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, da sabon da ake shimfiɗawa daga Kano ta Daura da Katsina zuwa Maraɗi, dukkansu ƙarfensu mai faffaɗan gindi ne, wanda yake zama da kansa a kan silifa, wato gungumen da ake gicciyewa a ƙarƙashin ƙarfen dogo, a matse gefensa kawai. Ƙarfen bulhed, wanda Birtaniya ta yi aiki da shi daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kansa da gindinsa kusan faɗinsu ɗaya, kan ne kawai ya fi kauri, saboda haka ba ya iya tsayuwa sai an zaunar da shi a cikin kujera ta ƙarfen zubi. Ana ɗaure kujerar a kan silifa da sukurori, a saka ƙarfen tsakanin muƙamuƙanta biyu, sannan a buga weji na katako tsakanin ƙugun ƙarfen, wato siririn tsakiyarsa, da muƙamuƙin waje har ya matse. Kujerar ce take riƙe faɗin hanya, ita ce kuma take karkatar da ƙarfen ciki da ma'aunin 1 cikin 20 domin ya dace da siffar wilin jirgi.

Kafin a sayi ko da kujera guda, sai a yanke shawarar wane kamfani da wane zamani ake son kwaikwaya, domin yawan sukurorin da ke kan kujera shi ne abin da masana ke fara dubawa. A 1923 aka haɗe kamfanonin jiragen ƙasa na Birtaniya suka koma manya huɗu, wato GWR da LMS da LNER da Southern, kuma a shekarun 1920 ɗin nan ƙungiyar injiniyoyin reluwe da ake kira REA ta fito da tsari na bai ɗaya wanda uku daga cikinsu suka bi. Kujerar wannan tsari ta yau da kullum ita ce S1, mai sukurori uku, biyu ta ciki, ɗaya ta waje wajen weji, nauyinta laba 46, kusan kilo 21 ke nan, kuma an yi ta ne domin ƙarfe mai nauyin laba 95 a kowane yadi. GWR ta ƙi bin sahu, ta ci gaba da kujerarta mai noti biyu waɗanda suke huda silifa su fita, kuma wannan kujera ta daɗe a yankin yamma har bayan da gwamnati ta karɓe reluwe a 1948. Kamfanin Midland na kafin 1923 kuwa kujerarsa mai huji huɗu ce. Jim kaɗan bayan 1948 aka koma ga ƙarfe mai faffaɗan gindi a manyan layuka, amma bulhed ya ci gaba da zama a ƙananan rassa da wuraren ajiye taragu shekaru masu yawa, har yau kuma ana ganinsa a layukan tarihi.

A ganina, wanda bai riga ya kamu da son wani kamfani ba ya ɗauki mai sukurori uku. Ita ce ta fi yaɗuwa a ƙasar da kuma tsawon zamani, ita ce kuma ta fi samun sauran 'yan uwanta na musamman a wurin masu sayarwa. Ba laifi ba ne a sa tsofaffin kujeru masu huji huɗu a wani lungu na tashar da aka gina da S1, domin a zahiri ma manyan layuka ake fara sabuntawa, tsofaffin kaya su koma gefe. Abin da ba ya yiwuwa shi ne kujerar da ba a ƙera ba tukuna ta bayyana a tashar da aka ce ta 1910 ce.

Shawara ta biyu ita ce ta sikeli. Mafi yawan masu wannan aiki suna gini ne a sikelin milimita 4 ga kowace ƙafa guda, wato 1 cikin 76.2, inda ake da faɗin hanya iri uku: OO mai milimita 16.5, da EM mai 18.2, da P4 mai 18.83. Kujera ta yau da kullum ɗaya ce ga dukkansu, kuma ƙarfen da ya dace da ita shi ne bulhed mai lamba 75, lambar da take nuna tsayin ƙarfen daga gindi zuwa kai. A sikelin milimita 7, wanda faɗin hanyarsa da aka saba da shi milimita 32 ne, ƙarfen mai lamba 124 ko 125 ne, kujerun kuma sun fi girma, sun fi daɗin riƙewa ga wanda idonsa ya fara rauni. Kamfanoni irin su C&L Finescale da Exactoscale su ne suka shahara da kujerun roba, Peco kuma tana sayar da layin bulhed haɗaɗɗe ga wanda yake son miƙaƙƙiyar hanya ba tare da wahala ba. Abin kiyayewa shi ne a sayi ƙarfe da kujera waɗanda aka yi domin juna, saboda ƙarfen da gindinsa ya ɗan fi kauri yana tsaga muƙamuƙin roba, wanda ya fi siranta kuma yana rawa a ciki.

Tunda daga Birtaniya ake odar waɗannan kaya, kuma kuɗin aikowa da canjin fam ba su da sauƙi, lissafi kafin oda wajibi ne. Ƙarfe mai tsawon ƙafa 60 yana komawa milimita 240 a sikelin milimita 4, kuma an saba ɗora shi a kan silifa 24, kujeru 48 ke nan. Wannan yana nufin kowace mita guda ta hanya tana cin silifa 100 da kujeru 200 ko kusa da haka. A ƙara wani abu a kai, domin kujera ba ta wuce milimita 5 a tsawo ba, wasu za su karye wajen zurawa, wasu kuma za su tsalle daga hantsaki su ɓace. Silifar bayan 1923 tsawonta ƙafa 8 da inci 6 ne, faɗinta inci 10, wato milimita 34 da 3.3, ta kafin nan kuwa galibi ƙafa 9 ce, milimita 36. Katakon mararraba ya fi faɗi, inci 12, wato milimita 4. Mutum biyu ko uku masu wannan sha'awa in suka haɗa oda ɗaya, kuɗin aikowa yana raguwa ƙwarai.

A miƙaƙƙiyar hanya, abin da ake yawan yin sakaci da shi shi ne fuskar weji. Kujerun roba galibi suna zuwa da wejinsu a manne, wasu yana leƙowa ta dama, wasu ta hagu, kuma an yi haka ne da gangan. Ƙarfen dogo yana ɗan rarrafawa gaba ta inda jirage suke nufa, don haka ma'aikata suke buga weji ta wannan fuskar, domin rarrafen ya ƙara matse shi maimakon ya kwance shi. Saboda haka a hanya mai layi biyu, inda jiragen Birtaniya suke bin hannun hagu, wutsiyar wejin tana leƙowa ne ta ɓangaren da jirgi ke fitowa. A layi guda wanda jirage ke bi gaba da baya, akan sassaɓa su. Kujeru biyun da ke gefen mahaɗar ƙarafa kuwa, dole wejinsu ya nufi mahaɗar, tunda farantin haɗi, wanda yake ɗaure bakunan ƙarafan biyu, ya tare ɗaya gefen babu ta inda guduma za ta shiga. A nan ne kuma ake samun kujerar S1J, wadda ta fi S1 faɗi, aka yi ta domin ɗaukar dukan da wili yake yi wa bakin ƙarfe. Silifu biyun mahaɗa sun fi kusa da juna, kimanin milimita 8 daga tsakiya zuwa tsakiya, alhali sauran suna kusan milimita 10. Wannan ɗan bambanci shi ne yake sa ido ya ga hanya tamkar ta gaske, ko da mai kallo bai san dalili ba.

Mararraba, inda hanya ɗaya take rabuwa biyu, nan ne aikin yake da yawa, kuma nan ne nau'o'in kujeru suka taru. Ana kiran mararraba da harafi da lamba, kamar B6 ko B8, harafin yana nuna tsawon harsuna, wato siraran ƙarafan da suke motsawa su juya jirgi zuwa wannan hanya ko waccan, lambar kuma tana nuna kusurwar da ƙarafa biyu suke gittawa, 1 cikin 6 ko 1 cikin 8. Kada a fara ba tare da takardar tsari mai cikakken girma ba. Manhajar Templot, wadda ake samu kyauta, tana zana ta a buga a firinta, kuma wajibi ne a auna takardar da rula bayan an buga, domin masu shagon buga takardu sun saba rage girman shafi don ya shiga takarda, raguwar da ba ta kai a gani da ido ba kuwa ta isa ta ɓata mararraba gaba ɗaya.

Daga bakin mararraba, nau'i na farko shi ne kujerar sulɓi, wadda tsarin REA yake yi wa alama da P. Muƙamuƙi ɗaya gare ta, ta waje, da doguwar shimfiɗa ta ciki wadda harshe yake zamewa a kanta idan an juya hanya. Ba ta da weji, domin a zahiri noti ne yake huda ƙugun tsayayyen ƙarfen ya ɗaure shi da muƙamuƙin. Wannan yana nufin ta roba ba ta riƙe ƙarfe ko kaɗan, kuma wannan yanki shi ne mafi rauni a mararrabar da aka gina da roba. Maganinsa shi ne a ɗiga ɗan sufa gulu tsakanin muƙamuƙin da ƙugun ƙarfen alhali geji, wato ma'aunin faɗin hanya, yana riƙe da shi, a kuma kula kada ko ɗis ya taɓa shimfiɗar da harshe zai bi. Wasu suna sa silifa ɗaya ko biyu masu fuskar tagulla a wannan wuri su liƙa ƙarfen da dalma, sannan su manna rabin kujera domin ado, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu ina goyon bayan wannan dabara. Bayan kujerun sulɓi sai na gindin harshe, masu alamar 1P da 2P da sauransu, waɗanda suke ɗauke da ƙarafa biyu a kan gindi ɗaya yayin da suke fara nisantar juna. Kowace tana da gurbinta, akwai na dama akwai na hagu, don haka kada a yanke su daga reshen robarsu sai lokacin da za a sa kowace.

Da ƙarafan suka ƙara rabuwa, akan kai wani wuri da suka yi nisa da zama a kan kujera ɗaya, amma ba su yi nisan da S1 biyu za su zauna gefe da gefe ba. Nan ne ake sa L1, kujerar gada, mai gajeren gindi kusan murabba'i da sukurori huɗu, in wurin ya fi haka matsewa kuma akwai ƙanwarta M1. Asalin aikin L1 shi ne a kan gadoji da ramukan duba injin, inda katako yake bin ƙarfe a tsaye maimakon a gicciye, saboda haka duk mai shirin gina gada ko rumfar injina zai buƙaci ta da yawa. Da yawa sukan datse gindin S1 da reza su cusa a madadinta. Yana aiki, amma L1 ba ta da tsada, siffarta kuma a bayyane take, don haka na fi son a saye ta.

Wurin gittawa shi ne zuciyar mararraba, inda ƙarafa biyu suke haɗuwa su yi tsini, wasu biyu kuma su lanƙwashe a gefensa, su ne fikafikai. Kujerar da take ƙarƙashin hancin tsinin ita ce A, waɗanda ke bayanta a kan tsinin su ne B da C da D, waɗanda ke gabanta wajen gwiwar fikafikai kuma X da Y da Z. Kowace kusurwa da nata jerin, na 1 cikin 6 ba sa shiga 1 cikin 8. GWR a nan ma ta bambanta, domin a ƙarƙashin hanci takan sa shimfiɗaɗɗen faranti da maƙalai masu noti a maimakon kujera guda ta zubi. Shawarata ita ce kada a dogara da roba wajen riƙe wannan yanki. A haɗa tsinin da fikafikansa a gefe, a liƙa su da dalma a kan 'yan siraran tagulla masu kaurin kusan milimita 0.6, wanda shi ne kaurin gindin kujera a wannan sikeli, a sa ma'auni a ratar da leɓen wili zai bi, sannan a manna abin gaba ɗaya a kan katako, a raba kowace kujera gida biyu a jingina su ta gefe. Ratar milimita 1 ce a EM, 0.68 a P4, a layin gaske kuwa inci 1 da kashi uku cikin huɗu. Irin bakin ayan ɗin liƙa dalma da gilashin ƙara girma da hantsakin da masu gyaran waya suke aiki da su a kasuwa sun wadatar, ba sai an yi odarsu daga waje ba.

Daura da gittawar, a jikin ƙarfen waje, akwai ƙarfen tsaro wanda yake jan wili don kada ɗan'uwansa ya hau hanci. Kujerarsa, CC, tana ɗaukar ƙarafa biyu, da CCL da CCR a bakuna biyu inda ƙarfen yake buɗewa. Tana daga cikin kujerun da zaɓen faɗin hanya yake shafa kai tsaye, domin an ƙera ratar a jikinta, ta P4 ba za ta yi wa mai OO ko EM aiki ba. Wanda bai samu daidai da nasa ba sai ya zura S1 a kowane ƙarfe daban, ya datse inda suka yi karo. Ko wace hanya aka bi, daga hancin gittawa ake auna matsayin ƙarfen tsaro, milimita 17.2 a EM, 18.15 a P4, domin wannan awo shi ne yake hana jirgi sauka.

Wajen zurawa, da farko a tabbatar da kan ƙarfe, a shafa masa maka a duk tsawonsa, domin a lamba 75 bambancin kai da gindi ƙanƙane ne, ƙarfen da aka juya kuwa ba ya zama daidai. A goge bakinsa da lallausan magagari, musamman gindi da ƙugu, har kaifin yanka ya tafi. Sannan a ɗora ƙarfen a kan takardar tsari, a karanta daga wannan baki zuwa wancan wace kujera ce take kan kowane katako, a zura su bi da bi kamar yadda ake zura 'ya'yan carbi, domin wadda aka tsallake ba ta shiga daga baya sai an zare duk na gabanta. Ya fi sauƙi a tura ƙarfen cikin kujera tun tana manne da reshenta, sannan a yanke. Geji ma sai an zaɓa: wanda yake kama ƙarfe har ƙugu yana miƙar da shi tsaye, da an cire shi kuma kujera ta mayar da shi karkace, hanya ta matse. A nemi wanda yake kama kan ƙarfe kawai.

Ruwan da ake mannawa da shi shi ne butanon, wanda masu sayar da sinadarai suka fi sani da MEK. Yana narkar da gindin kujera ya shige cikin silifar roba ko cikin jijiyoyin filawud, ana sa shi da ƙaramin buroshi a gefen kujera, a danna na ɗan lokaci, a bar shi ya kwana kafin a gwada ƙarfinsa. Yana kama wuta da sauri, don haka wuya ne a aiko shi ta jirgin sama, gara a neme shi a cikin gida. A kula sosai kada a karɓi MEKP, wanda masu aikin faiba suke daskarar da kayansu da shi, domin wani sinadari ne daban mai haɗari ga ido da fata, ba ya kuma wannan aiki. Gam ɗin bututun ruwa ma ya yi kauri da yawa. A zafin bazara butanon yana bushewa a kan buroshi kafin ya isa kujera, saboda haka da sassafe ya fi, taga a buɗe, nesa da murhu da gawayi, kwalbar kuma a rufe ta tsakanin kowane tsomawa. In za a rina silifun filawud, a yi kafin a manna, da rini marar mai, domin mai yana hana kamawa. Kujerun da aka buga da injin 3D na ruwan resin, waɗanda Templot ma yana iya fitar da zanensu, butanon ba ya narkar da su, nasu sai sufa gulu ko a cusa su a ramin da aka tanada.

Yanayinmu yana buƙatar kulawar da littattafan Turai ba sa bayarwa. Tsakanin daren hunturu da tsakar ranar Afrilu a Katsina zafi yana iya bambanta da digiri 25 ko fiye, kuma wannan yana ƙara wa mita guda ta ƙarfen nikel kimanin milimita 0.4. A daidai lokacin da ƙarfen ya fi tsawo, wato bazara, katakon tebur ya bushe ya tsuke, sai damina ta zo ya kumbura. Alherin kujerar roba shi ne tana barin ƙarfe ya zame a cikinta, muddin an bar masa wurin zuwa. Wanda yake shimfiɗa hanya a Maris ko Afrilu zai iya barin 'yar rata ƙanƙanuwa a mahaɗa, wanda kuma yake yi a damina ko a sanyin Janairu ya bar kusan rabin milimita a kowace mita. A liƙa kowane ƙarfe a wuri ɗaya kawai, a tsakiyarsa ko a bakin tebur, a ba kowane yanki wayar lantarkinsa ta ƙarƙashi maimakon dogara da farantin haɗi, kuma a yi wa teburin fenti ciki da waje kafin a ɗora komai a kansa.

Fenti shi ne aiki na ƙarshe, bayan an tura taragu ta kowace hanya an tabbatar babu mai sauka. Launin kujera da gefen ƙarfe ruwan ƙasa ne mai duhu wanda ya ɗan ja zuwa tsatsa, a wurin da injina suke tsayuwa kuma ya koma baƙi-baƙi saboda mai da toka. A sa shi da ruwa-ruwa domin kada ya cike sukurorin da aka sha wahalar zaɓa, a goge kan ƙarfe tun bai bushe ba, shimfiɗar kujerun sulɓi kuma a goga mata bakin fensir, wanda yake ba ta ƙyallin man da ake shafa mata a zahiri, yake kuma sa harshe ya zame. Tsakuwa ta tsaya daidai saman silifa, kada ta hau gindin kujera, domin hasken da ake hangowa tsakanin ƙarfe da katako shi ne alamar layin bulhed. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma a riƙa rufe teburin da leda ko zane duk lokacin da ba a aiki, saboda ƙurar hunturu tana taruwa a muƙamuƙan kujeru da ratar gittawa, buroshi mai laushi ne kawai yake fitar da ita ba tare da ya ɓalle weji ba.